Canza fulogi da wayoyinsa a gida: Mazda MX-5 ta 1997, injin 1.8

Sadiq_MX5
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga waɗanda suka san injin Mazda. MX-5 ce ta 1997, 'yar Amurka, injin 1.8, giyar hannu. A silo lafiya lau take. Amma in tana giya ta huɗu ko ta biyar, allurar juyin inji tana wajen 2,000 zuwa 2,500, aka taka totur, sai ta riƙa fizga. Da allura ta haura 4,000 sai ta saki. Na'urar gwajin mota ta nuna P0300, lambar da ke nufin wuta tana ƙin kamawa a silinda jefi-jefi. Ina so in canza fulogi huɗun da wayoyinsu a gida. Wane fulogi zan saya, tazarar bakinsa nawa, ɗauri nawa, kuma me zan kiyaye?

Injiniya_Bala
Wa alaikumus salam Malam Sadiq. Wannan alamar ta waya ce kafin ta zama ta fulogi. Idan ka buɗe totur allura tana ƙasa, iska mai yawa ke shiga silinda, matsi ya ƙaru, kuma gwargwadon matsi gwargwadon ƙarfin wutar da ake bukata kafin ta tsallaka bakin fulogi. Wayar da robarta ta gaji tana iya ɗaukar wutar silo, amma da an nemi wuta mai ƙarfi sai ta tsere ta jikin robar zuwa ƙarfen inji.

Fulogin da Mazda ta rubuta wa wannan injin NGK BKR5E-11 ne ko BKR6E-11. In Denso ka samu, K16PR-U11 ko K20PR-U11. Tazarar baki milimita 1.0 zuwa 1.1. Ɗauri 15 zuwa 22 Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri. Kayan aiki: soket ɗin fulogi mai lamba 16 mai roba a ciki, sandar ƙari mai tsawon santimita 15 ko fiye domin ramukan suna da zurfi, rachet, safanar awon ɗauri, da safana 10 ta batir. Batirin yana cikin but, kada ka neme shi a gaba.

BakanikenSabonGari
Kuma inji ya kwana ya huce. Tof ɗin alminiyam ne, fulogi kuwa ƙarfe. Ka kwance da zafi, zaren alminiyam ya biyo fulogin waje, aikin rabin awa ya koma na kwana biyu.

Dan_Maradi
Ranka ya daɗe Injiniya, tsakanin mai 5 da mai 6 wanne ya dace da zafin ƙasarmu? Masu sayar da buji, wato fulogi, a nan cewa suke mai 6 ya fi wuta.

Injiniya_Bala
Babu wanda ya fi wani wuta, Malam. Lambar tana nuna saurin da fulogi ke sauke zafin bakinsa zuwa cikin tof. A tsarin NGK, lamba na hawa fulogi na ƙara sanyi, wato mai 6 ya fi mai 5 saurin huce baki. Haka Denso, 20 ya fi 16 sanyi. Bosch kuwa akasin haka take lissafi, kada a haɗa su. Motar da ke yawan go-slow da gajeriyar tafiya mai 5 ya fi mata, domin bakinsa yana yin zafin da zai ƙone ƙurar hayaƙin da ke taruwa. Wadda ake hawa da ita doguwar hanya ana ɗaga allura, mai 6. Zafin gari ba shi ne babban ma'auni ba, yadda ake tuƙi ne.

Hajiya_Autos
Kafin a kai ga lamba, a tabbata fulogin na gaske ne. Jabun NGK da Denso sun yi yawa, musamman na iridiyam, masu bakin ƙarfe mai tsada, saboda nan ribar take. Abin dubawa: rubutun jikin farin tangaran ya fito tsaf ba ya gogewa da farce, zaren ya yi santsi babu ƙaiƙayi, wasar da ke gindin zaren tana juyawa amma ba ta zarewa da hannu, ƙugiyar gefe ta zauna daidai kan tsinken tsakiya. Sannan a gwada da mitar awon lantarki. Harafin R da ke cikin lambar yana nufin akwai resista a ciki, daga kan fulogi zuwa tsinken tsakiya mita ta nuna kusan kilo-om 5. Huɗun su yi kusa da juna. In ɗaya ya nuna sifili, wani kuma bai nuna komai ba, a mayar wa mai shago kayansa.

Turbo_Abba
Ni ban ga dalilin sa fulogin tagulla a motar wasanni ba. BKR6EIX-11 yana nan, iridiyam, bakinsa milimita 0.6, wuta ta fi saurin tashi. A sa shi a manta.

Oga_Wayarin
Abba, "a sa a manta" ba ta cika aiki a wannan injin ba, ga dalili. Babu distiributa a ciki. Kwayil biyu ne a bayan tof, kowanne da baki biyu: ɗaya yana ba silinda 1 da 4, ɗayan 2 da 3. Duk lokacin da kwayil ya saki wuta, fulogi biyun ne ke tartsatsi tare, ɗaya a silindar da ke matsi, ɗayan a wadda ke fitar da hayaƙi, wutarsa ta tafi a banza. Abu biyu ke biyo baya. Na farko, kowane fulogi yana tartsatsi ninki biyu na abin da zai yi a injin da kowace silinda ke da nata kwayil. Na biyu, wutar tana fita ta fulogi ɗaya ta ratsa ƙarfen inji ta dawo ta ɗayan, don haka biyu daga cikin huɗun suna aiki a juye, ƙugiyar gefe ce ke cinyewa a cikinsu maimakon tsinken tsakiya. Shi kuwa wanda ka ambata, iridiyam ɗinsa a tsinken tsakiya kaɗai yake. Zai yi aiki lafiya, amma tsawon ran da ka biya kuɗinsa ba duka huɗun za su ba ka ba. In dai dole sai mai daɗewa, a nemi wanda ke da ƙarfe mai daraja a ɓangarorin biyu.

Turbo_Abba
Na ji, amma siririn baki yana rage wa kwayil wahala, wannan ba a musu. Kwayil ɗin motar nan kuwa ba araha ba ne.

Oga_Wayarin
Ba a musu. Sai dai sabon fulogin talakawa mai kaifin baki da tazarar 1.1 shi ma ba ya wahalar da kwayil. Wanda ke kashe kwayil shi ne wanda aka bari bakinsa ya buɗe ya kai 1.5, ko wayar da ta yanke a ciki. Jadawalin Mazda mil 30,000 ne, kusan kilomita 48,000, kuma fulogi huɗun a jere suke a saman inji, babu abin da ya tare su. A motar da sai an ɗaga manifol kafin a kai ga fulogi ne iridiyam ke biyan kuɗinsa.

BakanikenSabonGari
Ku bar gardamar fulogi, mai tambaya tsarin aiki yake nema. Malam Sadiq, ga yadda ake yi.

Ka cire makulli daga jiki gaba ɗaya. Silinda ta 1 ita ce ta gaba kusa da lagireto, ta 4 tana baya kusa da bangon da ya raba inji da cikin mota. Ka ɗauki hoton wayoyin a kan kwayil da wayar salularka kafin ka taɓa komai. Sannan ka yi silinda ɗaya ka gama ta, da fuloginta da wayarta, kafin ka taɓa ta gaba.

Ka kama hular robar, ba wayar ba, ka murɗa ta hagu da dama ta saki tangaran, sannan ka ja sama. Ka haska tocila cikin ramin. Ƙura da yashi suna taruwa a gindin fulogi, balle motar da ta sha hunturu, kuma da ka zare fulogi duk cikin silinda za su faɗa. Ka busa da iska, ka sassauta fulogin zagaye ɗaya, ka sake busawa, sannan ka ƙarasa. Ka kare idonka lokacin busawa.

Wajen sa sabo, kada ka sake shi ya faɗa ramin, bakinsa zai rufe. Ka maƙala shi a soket ko a guntun tiyon roba, ka sauke a hankali, ka juya da yatsu kawai, babu rachet. Zaren milimita 19 ne, kowane zagaye yana cin 1.25, don haka zai yi sama da zagaye goma cikin sauƙi kafin ya zauna. In ya cije a zagaye na biyu ko na uku, ya hau karkace. Ka dawo da shi ka sake. Sai ya zauna sannan ka ɗora safanar awo.

Sabuwar waya kuma ka danna ta sai ka ji ɗan ƙas a hannunka, a kan fulogi da kan kwayil. Mafi tsawo ta silinda 1 ce. Ka mayar da su cikin maƙalansu kada su kwanta kan ƙarfe ko su goga juna.

Sadiq_MX5
Allah ya saka da alheri Oga. Na leƙa ramukan. Na 1 da na 2 a bushe, na 3 da na 4 akwai baƙin mai a gindin fulogi, hular roba ta 4 ma ta jiƙe. Wannan ring ne?

Injiniya_Bala
Ba ring ba ne. Man da ring ko robar bawul ke saki a bakin fulogi ake ganinsa, ɓangaren da ke cikin silinda, kuma yana zuwa da shuɗin hayaƙi. Wanda ke kwance a rami daga sama ya zo, gaskit ɗin murfin bawul ne ya bushe. A wannan injin roba ɗaya ce ta zagaye bakin murfin ta kuma kewaye ramukan fulogi. Ka canza ta kafin ka sa sababbin wayoyi, in ba haka ba man zai kumbura robarsu ya laushe ta, nan da 'yan watanni fizgar ta dawo.

Ka tsotse man ramin da sirinji da siririn tiyo, ka ƙarasa da tsumma a kan dogon sukundireba, tun fulogi yana ɗaure. Ɗan abin da ya rage in ya gangara silinda ba komai, zai fita da hayaƙi na minti ɗaya ko biyu. Wajen mayar da murfin, ka goge bakin tof ya bushe, ka ɗiga gam ɗin silikon kaɗan a kusurwoyin da gaskit ke hawa kan tudun kamshaf, gaba da baya, ba a shafe shi duka ba. Kusoshin ƙanana ne, 5 zuwa 9 Nm kawai, daga tsakiya zuwa waje, a zagaye biyu ko uku. Su ne aka fi karyawa.

Mai_Kwatano
Tunda murfin zai tashi, a duba robar zoben na'urar kamshaf da ke bayan tof. Tana yoyo a waɗannan motocin, a injin 1.8 kuma man yana ɗiga kan tiyon hita ya ruɓar da shi. Ranar da tiyon ya fashe ruwan inji ne zai zube. In za a cire na'urar, a yi mata alama da fenti a inda take, domin da ita ake saita tayimin.

Dan_Maradi
Batun shafa wa zaren buji man hana cijewa fa? Tunda tof alminiyam ne ai ya kamata.

Hajiya_Autos
NGK da kanta ta hana a fuloginta masu zaren da ke ƙyalli kamar azurfa. An riga an lulluɓe zaren da abin da ke hana tsatsa da cijewa. Man yana sa zare santsi, safanar awo ta nuna 20 alhali matsin da ya hau zaren ya zarce haka, har kusan kashi 20 cikin ɗari. A sa shi a bushe.

BakanikenSabonGari
Hajiya, ranki ya daɗe, a takarda haka ne. Amma fulogin da aka cire aka mayar, ko ramin da zarensa ya taɓa shan wahala, ɗan ɗigo a tsakiyar zare, nesa da baki, a rage ɗauri zuwa 15 ko 16, ba ya cutarwa. Abin da ke cutarwa shi ne a dulmiya fulogi cikin man ko a shafa masa baƙin mai, ya ƙone ya zama gawayi a zaren.

Hajiya_Autos
Shi sabo zai sa, Oga. A bushe.

Usman_Kanti
Ni inda na rikice ɗaurin ne. Injiniya ya ce 15 zuwa 22, amma teburin NGK na fulogi mai zaren milimita 14 a tof ɗin alminiyam 25 zuwa 30 ya nuna. Wanne za a bi?

Injiniya_Bala
Na NGK na gama-gari ne ga duk injin da ke cin irin wannan zaren, na Mazda kuwa na wannan tof ɗin ne. A bi na mai mota, a tsaya wajen 20 zuwa 22. Abin da ake nema shi ne wasar gindin fulogi ta matse sosai, domin ta nan yawancin zafi ke sauka cikin tof. Fulogin da bai ɗauru ba yana zafi fiye da kima, hayaƙi ya riƙa bi ta zaren, a hankali ya ci ramin. Wanda ba shi da safanar awo: a juya da hannu har wasa ta taɓa tof, sannan a ƙara rabin zagaye zuwa biyu bisa uku. Wannan na sabon fulogi ne kaɗai. Wanda aka taɓa ɗaurawa wasarsa ta riga ta matse, kusan ɗaya bisa goma sha biyu na zagaye ya ishe shi. Ka ba tsohon fulogi rabin zagaye, ka tsige zare.

Oga_Wayarin
Mu koma kan P0300, domin ba a tabbatar waya ce kaɗai ba. Gwaji biyu kafin a kashe kuɗi. Da mita: Mazda ta ba da kilo-om 16 a kowane tsawon mita ɗaya na waya, don haka doguwar ta fi gajeriyar nuna lamba, amma duka 'yan kilo-om ne. A lanƙwasa wayar ana aunawa. In lamba tana tsalle ko ta ɓace, ta yanke a ciki. Sai dai mita ba ta ganin robar da ta huje. Wannan sai da dare: inji yana silo, a fesa ruwa kaɗan kamar raɓa a kan wayoyin, a duba shuɗin tartsatsi ko a saurari tas-tas. Hannu ya yi nesa, wutar dubban bolt ce.

In bayan an canza lamba ta dawo, a lura da yadda ta zo. Lambar ƙarshe ita ce silindar: P0301 tare da P0304, ko P0302 tare da P0303, kwayil ne, tunda su ke raba ɗaya. Guda ɗaya tilo, a duba fuloginta, wayarta, nozul ɗinta, sannan matsin silindar. Kada kuma a zare wayar fulogi inji yana aiki don a gane silindar da ta mutu. Wutar da ba ta samu hanya ba cikin kwayil take neman mafita. A zare soket ɗin nozul maimakon haka. Haka nan kada a bar makulli a ON inji a kashe ana jin rediyo, kwayil ɗin waɗannan shekarun an san shi da ƙonewa ta wannan hanyar.

Mai_Kwatano
Ƙari a kan maganar Oga: in fitilar cek, wato ta gargaɗin inji, ta koma ƙiftawa maimakon tsayawa, a ɗaga ƙafa. Ɗanyen fetur ne ke zuba cikin kataliz, matatar hayaƙin da ke jikin salansa, yana ƙonewa a can, kuma kuɗin kataliz ya ninka na waya sau da yawa.

Turbo_Abba
Wayoyin fa, a sa masu kauri, 8.5 ko 10. Sun fi ɗaukar wuta.

Oga_Wayarin
Kaurin na roba ne, ba na abin da ke ɗaukar wutar ba. A injin da ba a taɓa ba, ta asali ko shuɗiyar NGK da aka yanka wa motar ta wadatar, kuma ita ke shiga maƙalai daidai, hularta ta rufe bakin rami ruwa bai shiga ba. Abin gudu shi ne wayar da cikinta zallar tagulla ce babu resista, tana watsa hayaniyar lantarki ta dami kwamfutar mota da rediyo.

Dan_Maradi
To in an riga an cire wayoyin duka babu hoto?

Injiniya_Bala
Tsarin tashin wuta 1-3-4-2 ne, amma abin riƙewa shi ne 1 da 4 kwayil ɗaya, 2 da 3 ɗayan. In ka musanya 1 da 4 a kan bakunan kwayil ɗinsu, inji zai tashi lafiya, tunda tare suke tartsatsi. In ka kai su kan kwayil ɗin 2 da 3 ne ba za ta tashi ba, sai dai ta yi ta harbi ta salansa ko ta manifol. To sai ka musanya biyu-biyun. A kula da hotunan intanet: gefen da kwayil ɗin 1 da 4 yake a injin 1.6 ba shi ne na 1.8 ba. Daga 2001 kuma kwayil ya hau kan murfin bawul, gajerun wayoyi biyu kawai suka rage, daga 2006 babu waya sam.

BakanikenSabonGari
Kuma kada a zubar da tsofaffin sai an jera su 1 zuwa 4 an karanta. Ruwan toka ko ruwan ƙasa mai haske, lafiya. Baƙin busasshen gawayi a huɗun, fetur ya yi yawa, a duba filtar iska da na'urar iskar salansa da ta zafin ruwa. Fari fat da ƙuraje, zafi ya yi yawa ko fetur ya yi kaɗan. Ɗaya ya fito tas kamar an wanke shi alhali sauran da datti, ruwa ke shiga wannan silindar, a tuhumi gaskit ɗin tof. Jan zoben da ke gindin tangaran ta waje ba yoyo ba ne, ba komai. Amma siririn baƙin layi da ya bi tsawon tangaran daga sama zuwa ƙasa, hanyar da wuta ta haƙa ce, kuma irinta tana cikin hular robar. Wannan dole fulogi da waya su tafi tare. In ka canza ɗaya ka bar ɗaya, tsohon zai koya wa sabon hanya.

Hajiya_Autos
Giris ɗin silikon na lantarki ma, ɗan kaɗan a cikin bakin hular roba da tsinken auduga, ba a kan ƙarfen ba. Yana hana robar manne wa tangaran. Kuma a auna tazarar kowane fulogi ko da kwali ya ce 1.1. In za a gyara, ƙugiyar gefe kaɗai ake lanƙwasawa, ba a jingina komai da tsinken tsakiya. Wanda ya faɗi ƙasa a ajiye shi, tsagewar tangaran ba kullum ake ganinta ba.

Sadiq_MX5
Na gode ƙwarai. Gaskit zan fara yi ke nan. Saura ɗaya: fulogin silinda 4 ya motsa kusan rubu'in zagaye ya cije. In ƙara ƙarfi?

BakanikenSabonGari
A'a, Malam. Ka fesa man sassauta tsatsa a gindinsa, ka bar shi awa ɗaya ko ya kwana. Sannan ka mayar da shi ciki kaɗan, ka dawo waje kaɗan, kana ƙara abin da yake bayarwa a kowane juyi. Gawayin da ya taru a ƙarshen zaren ne yake jan hanya. Soket ya tsaya a miƙe, hannu ɗaya yana tallafe kan rachet, domin na 4 ne ya fi sa mutum karkata sanda ya fasa tangaran. In ya fito ka ga alminiyam a cikin zarensa, kada ka tura sabo da ƙarfi. A bi ramin da abin gyaran zare M14 x 1.25 da aka cika wa giris ya kama ɓarɓashi, in kuma zaren ya tafi, sai an dasa sabon hannun zare.

Injiniya_Bala
Dasa hannun zare tof yana kan mota ana yi, amma fistin ya sauka ƙasa, bawul a rufe, kuma a busa silindar sosai kafin a sa fulogi. Malam Sadiq, in ya fito ka sa mana hoton zarensa da na bakin huɗun a jere.

Usman_Kanti
Injiniya, in man fesawar ya gangara cikin silinda fa, sai an canza baƙin mai?